Babur Na Hannu: A Dubi Haƙori Kafin A Dubi Sirdi

Kowace shekara in kaka ta yi, an yanke gero an ɗaure, an roro wake, an kai gyaɗa ma'auna, abu biyu ne kan shiga ran saurayin manomi a ƙasar Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, watau aure da babur. Zancen aure ba na wannan fili ba ne. Amma zancen babur na nan ne sosai, gama a wannan zamani ya zama kayan aikin gona kamar garma da lauje. Shi ke kai taki, shi ke ɗauko buhu, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Tun da ya ke kuwa sabo ya fi ƙarfin aljihun yawancin talakawa, sai na hannu. A nan ne wahalar damina guda ke shiga hannun dillali cikin rabin sa'a, wani ya dace, wani kuwa ya tura tarin ƙarfe zuwa gida.

Kafin a yi maganar inji, a fara duban ƙasar da za a hau shi. Titin mota ya taso daga Gusau ya iso Kaura, daga nan wani reshe ya bi ta Moriki ya nufi Shinkafi, wani ya bi ta Zurmi da Gurbin Bore ya nufi Jibiya. To, gonaki nawa ne ke bakin waɗannan tituna? Kaɗan ne ƙwarai. Sauran duk sai an ratse, a bi turba ko burtali, a ci rairayin jigawa wanda ke riƙe ƙafar babur kamar ana jansa ta baya, a gangara kwazazzabo, a ƙetare rafi. Da damina kuwa fadamun Gagare da na Bunsuru su kan zama laka mai danƙo, wadda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa ƙafa. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kaura Namoda a 1929, jakuna da raƙuma ne ke bin waɗannan hanyoyi suna kawo gyaɗa da auduga tasha. Hanyoyin suna nan yadda su ke, abin hawan ne aka sake. Saboda haka jakin ƙarfe manomi ke nema, dokin sukuwa ba shi da amfani gare shi, kuma da wannan ido ya kamata ya shiga kasuwa.

Injin babur iri biyu ne. Akwai mai bugu huɗu, irin na Boxer da Honda da sauran waɗanda suka cika hanya yau. Akwai kuma mai bugu biyu, wanda a ke ganewa tun daga nesa da ƙararsa mai tsini da shuɗin hayaƙin da ya ke bari a baya, irin tsofaffin Suzuki da Yamaha, da Jincheng ƙirar AX100. Bambancinsu kuwa ga shi. Cikin mai bugu huɗu, sai fistin ya hau ya sauka sau biyu kafin wuta ta kama sau ɗaya. Yana da bawul-bawul a ka masu buɗe ƙofa da rufewa, da kayan da ke motsa su, ga kuma baƙin mai kwance a gindin injin yana zagayawa. Cikin mai bugu biyu kuwa, kowane hawa da sauka da wutarsa. Ba shi da bawul irin na wancan, fistin da kansa ne ke buɗe ƙofofin da ke jikin silinda yana rufewa. Ba ya kuma ajiye baƙin mai a gindi, in ban da na giya, don haka man da ke shafe fistin ciki ya ke shiga wurin fetur, tare su ke ƙonewa. Asalin hayaƙin ke nan, haka aka ƙera shi.

Daga wannan ƙira ne alherinsa ya fito. Da fari dai ba shi da nauyi. Ƙarami irin AX100 bai kai kilo 100 ba, mutum ɗaya na iya cicciɓar gindinsa ya fid da shi daga laka, mutum biyu su ɗauke shi cak su haye rafi da shi. Wanda bai taɓa kafewa a fadama shi kaɗai ba, ga rana tana faɗuwa, ba zai san darajar wannan ba. Sa'an nan kayan cikinsa kaɗan ne. Makanike na gindin bishiya, da sifana uku ko huɗu, zai kwance kan injin ya sake fistin da zobe ya ɗaure, mai babur ya hau abinsa tun kafin la'asar. In kuma ya sha ruwa a mashigi, sai a cire fulogi, a zubar da ruwan da ke cikin kafireto da salansa, a kifa babur ɗin a yi ta juya injin har ruwan ya fita, a mai da fulogi busasshe a buga. Sau da yawa ya kan tashi nan take, in an isa gida a sake man giya. Mai bugu huɗu kuwa in ruwa ya gauraya da baƙin mansa, tilas a juye a zuba wani kafin a yi nisa, a tsakiyar daji kuwa wa ke yawo da galan ɗin mai a aljihu?

Amma fa wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Mai bugu biyu mashayi ne. Dalili kuwa shi ne, a lokacin da sabon fetur ke shiga silinda ƙofar hayaƙi tana buɗe, sai wani kashi ya bi ta salansa ya fita bai ƙone ba. Ga kuma kuɗin man da a ke ƙonewa kullum. Da can, sa'ad da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ba wanda ya damu da wannan. Amma ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa naira 1,000 a wurare da yawa. A ƙauye kuma, inda a kwalba a ke saye wurin 'yan bumburutu, kullum ya fi na gidan mai tsada. Don haka wannan babur ba na kowa ba ne. Wanda zai yi kabu-kabu bisa kwalta, Kaura zuwa Shinkafi safe da yamma, kada ma ya tsaya taya shi. Mai bugu huɗu ne nasa, ko da zai ƙara jiran wata kakar. Amma wanda tafiyarsa gajera ce mai wuya, gida zuwa gona, gona zuwa fadama, ran Alhamis ya leƙa kasuwar Shinkafi, fetur ɗin da zai ƙona a mako bai taka kara ya karya ba. Abin da zai ci masa kuɗi shi ne gyara, da zaman jiran kayan gyara. A nan mai bugu biyu ya yi wa ɗan'uwansa zarra, ga shi kuma na hannunsa ya kan fi sauƙin kuɗi tun da idon jama'a ya koma kan Boxer.

To, wanne za a saya cikinsu? Nan ne samari kan ruɗe. Akwai babura waɗanda tun asali domin daji aka ƙera su. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da DT a 1968, dogo, salansa a ɗage, taya mai manyan haƙora, daga baya aka yi ƙannensa irin DT125 da DT175. A 1973 kuma ya fito da AG100, wanda aka yi musamman domin masu kiwon tumaki da shanu a Ostareliya da Niyu Zilan, sarƙarsa a rufe cikin kwanso don kada laka da ƙura su ci ta, ga wurin ɗaura kaya. Irin waɗannan ne ma'aikatun gona da na lafiya da ƙungiyoyin agaji suka riƙa ba ma'aikatansu a ƙasashen Afirka da yawa, shi ya sa har yau a kan ci karo da tsofaffinsu a hannun mutane. Ba musu, cikin rairayi da kwazazzabo sun fi ƙaramin babur na gari nesa ba kusa ba. Ƙafar gaba ta DT175 inci 21 ce, ta AX100 kuwa 18, kowa ma ya san doguwar ƙafa ta fi haye gargada ba ta kafe ba.

Duk da haka, manomin ƙasar nan ya fi kyau ya kau da kai daga gare su, saboda dalili biyu. Na farko kayan gyara. Mai sha'awar DT ya zaga rumfunan masu sai da kayan babur a Kaura, ya tambayi fistin ɗinsa ko tayar inci 21, ya ƙirga mutum nawa za su ce akwai. In babu sai a aika Gusau, in ba a samu ba sai Kano. Babur kuwa, kamar da gangan, ba ya lalacewa sai makon shuka ko ranar sa taki. Kwana goma yana jingine a zaure ana jiran saƙo, gona ba ta jira. AX100 fa? Suzuki ya fito da shi a 1983, sa'an nan kamfanin Jincheng na birnin Nanjin a ƙasar Sin ya yi ta ƙera irinsa ana shigowa da su, har ya zama babu ƙauyen da bai san ƙararsa ba. Kayan wannan sau da yawa su kan shiga wancan, makanikai da yawa kuma a kansa suka koyi riƙe sifana. Saboda haka kafin a je wurin dillali, a fara zuwa wurin makaniken garin da babur zai zauna, a tambaye shi wanne ya iya, wanne kuma a ke samun kayansa a kusa. Abin da ya faɗa ya fi duk abin da ke rubuce a jikin tanki. Abin da ƙaramin ya gaza a daji kuwa ana iya rage shi da kuɗi kaɗan. A sa masa taya mai haƙora a baya, a sake farantin sarƙa na baya da wanda ya fi shi da haƙori uku ko huɗu don ƙarfin ja ya ƙaru gudu ya ragu, in an shiga rairayi mai zurfi a ɗan rage iska. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi, amma sai an gama da ƙarfe tukuna za a zo kansa.

Dattawan da suka yi cinikin dawaki ba su damu da sirdi da jalala ba, baki su ke buɗewa su dubi haƙori. Babur ma haka ne. Sabon fenti, da madubi biyu, da roba mai launi da aka naɗe hannu da ita, duk jalala ne, kuma dillali ya san saurayi su ya ke fara gani. Mai saye ya tafi da makanikensa, wanda shi zai biya shi ladan yini, ba wanda dillali ya kira ba. Da isarsu ya ɗora bayan hannu bisa injin. In da ɗumi, an riga an ta da shi ke nan don a ɓoye wuyar tashi, sai a nemi inuwa a yi hira har ya huce. Lafiyayye ya kan tashi da sanyinsa a bugu biyu ko uku. Kafin a kunna kuma a danna kik da hannu a hankali. Inji mai rai zai yi gardama, a ji ya cije a wuri ɗaya. In ya wuce salalaf kamar an taka ruɓaɓɓiyar kabewa, zobe ya gama aiki.

Haƙorin mai bugu biyu kuwa fistin ne, ga shi an yi sa'a ganinsa ba wuya. A kwance bakin salansa daga jikin silinda, a haska tocila cikin ƙofar, a juya injin sannu sannu, sai ga gefen fistin da zobensa suna wucewa. Mai lafiya sumul ya ke, da ɗan maiƙo. In an ga zane a tsaye kamar an ja ƙusa, injin ya taɓa cijewa saboda rashin mai ko yawan zafi. Aikin minti goma ne, dillalin da ya ƙi yarda a yi shi kuwa ya riga ya ba da amsa. A tambaya kuma sau nawa aka kai silinda aka rarake ta aka sa fistin mafi girma. In an ɗaga kan injin aka goge baƙin da ke bisa fistin, a kan ga lamba, 0.25 ko 0.50 har zuwa 1.00. Wanda ya kai ta ƙarshe, gyaransa na gaba sai sabuwar silinda, sai a cire kuɗinta daga farashi tun yanzu.

Amma fistin ciwo ne mai sauƙin magani, kada a fasa ciniki dominsa in an yi ragi. Babban ciwo yana ƙasa, wurin ƙarfen nan mai juyawa wanda makanikai ke kira kiranshaf, da boris ɗinsa, da robobi biyu masu tare iska a gefensa. Gyaran nan sai an sauke inji an raba shi biyu, ba kowane makanike ne kuma ke mai da shi daidai ba. A buɗe murfin gefen hagu, a kama faifan wuta da hannu, a gwada girgiza shi sama da ƙasa. In ya motsa ko kaɗan, boris ya ci. Sa'an nan a ta da inji a saurara. In an murɗa totur aka saki, ya kamata ƙarar ta sauko nan da nan. In ta rataye a sama tana jinkiri, iska na sata ta wani wuri, sau da yawa kuwa robar gefen wuta ce ta mutu, injin da ke satar iska kuma ƙarshensa ƙonewar fistin. In kuwa hayaƙin fari ne mai kauri mai wari dabam, ba ya raguwa ko inji ya yi zafi, robar ɗaya gefen ce, yana shan man giya. Fulogi ma mai ba da shaida ne. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa kamar toyayyar gyaɗa, lafiya. In ya yi baƙi jiƙe, mai ya yi yawa, abin da sauƙi. In ya yi fari fat kamar toka, a yi hattara. In kuma sabo ne fil da bai taɓa aiki ba, an kori mai shaida ke nan kafin alƙali ya zauna.

Akwai wani wuri da kusan ba mai dubawa, alhali shi ke faɗin halin wanda ya riƙe babur ɗin, watau matatar iska. A buɗe akwatinta a ciro soson. In ya yage, ko ya bushe ƙamas, ko ma babu shi sam, a sa yatsa cikin bututun da ke bayansa. Ƙurar da ta maƙale a yatsan, irinta ce injin ya yi ta haɗiya hunturu bayan hunturu, ƙura kuwa in ta gamu da mai cin ƙarfe ta ke yi kamar dutsen wasa wuƙa.

Jiki ba ya bukatar dogon bayani, gama kowa da idonsa. Sai dai a tuna babur na ƙauye ba ya tsufa da tafiya kamar yadda ya ke tsufa da kaya. Wanda aka shekara biyar ana ɗora masa buhu biyu da mutum a kai, ƙashin bayansa ya ji jiki. A cire kujera da tanki a nemi tsaga ko sabuwar walda a ƙarƙashinsu da wajen wuya. A tsuguna ta baya a hanga ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. A kaɗa wayoyin ƙafa da sifana, sakakkiya ba ta ƙara. A leƙa cikin tanki don tsatsa. Daga nan a hau, amma kada a gwada shi bisa kwalta inda kowane gurgu ke gudu. A nemi rairayi, a goya mutum, a sa giya ta biyu a murɗa. In giya ta fita da kanta, ko inji ya yi ta kuka babur ba ya gaba, ga inda kuɗi za su tafi nan.

Zancen mai yana bukatar a tsaya a kansa, don nan ne yawancin injunan nan ke mutuwa. Tun 1964 Yamaha ya fara sa wa baburansa ɗan famfo mai auna baƙin mai daga tankinsa na dabam, Suzuki ma ya yi irin nasa. To, da yawa cikin na hannu za a tarar an cire famfon, ko an bar shi a mace, ana zuba mai cikin fetur da ka. Wanda famfonsa ke aiki ya fi daraja, domin a injunan Suzuki da yawa ba fistin kaɗai ya ke shayarwa ba, har da boris na ƙasa. In kuwa an riga an cire, lalle ne mai babur ya koyi awo. Gwangwanin madara ɗaya ga lita huɗu na fetur, kusan kashi ɗaya cikin 25 ke nan, ya isa tsohon inji mai ɗaukar kaya, a girgiza su gauraya. Man kuma ya zama na mai bugu biyu, wanda a ke rubuta 2T a jikin robarsa. Wannan mugun hali na zuba baƙin man da aka juye daga mota ko janareto, don wai araha, shi ke toshe salansa da gawayi, ya liƙe zobe, ya kashe fulogi kowane mako. A tambayi mai sayarwa wane mai ya ke zubawa, sa'an nan a dubi bakin salansa a ga ko ya faɗi gaskiya.

Kome kyan babur ɗin da aka samu, kada a ƙarar da kuɗin duka a ciniki. A rage abin da zai sayi fistin da zobe, da fulogi biyu, da soson iska, da tayar baya. Na hannu duk da baƙonsa ya ke zuwa, baƙon kuwa bai cika wuce wata uku bai yi sallama ba.

Yanzu sai dalili na biyu, wanda ya sa sayen babur a ƙasar nan ya bambanta da sayensa a Kano ko Zariya. Fiye da shekara goma ke nan mutanen Zurmi da Shinkafi da Kaura suna fama da 'yan bindiga, babur kuwa shi ne abin hawansu. Suna ƙwace na manoma a hanyar gona da hanyar kasuwa, abin da aka ƙwace kuma ba ya narkewa, wani ya kan zagayo ya dawo hannun masu sayarwa da sabon fenti. A watan Mayu 2019 rundunar soja ta hana hawan babur cikin dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara. A 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sai da fetur, a farkon Satumba kuma aka yanke layukan waya. A wannan lokaci ne gwamnatin Katsina, cikin dokar da ta kafa, ta hana cinikin babura na hannu a kasuwar Caranci. Daga baya an sassauta waɗannan matakai, amma sun nuna inda idon hukuma ya ke.

To, a ce manomi ya sayi babur ba takarda, don an rage masa kashi ɗaya cikin uku. Ranar da mai shi na asali ya gane abinsa a bakin kasuwa, ko aka tsai da shi a shingen bincike aka duba lamba, babur ya tafi, kuɗi sun tafi. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne a ce yana da hulɗa da mutanen daji, kalmar da in ta hau kan mutum a ƙasar nan ba ta sauka da rantsuwa. Dogon babur na daji kuma jan ido gare shi ta kowane gefe. Na cikin daji in sun gan shi sun ga abin da su ke so, masu tsaro in sun hango shi daga nesa bisa burtali ba su san ko wane ne a kai ba. Tsohon AX100 mai hayaƙi, da fartanya ɗaure a baya, ba ya hana ƙaddara, amma kowa ya san abin da ya fito yi. Don haka ma kada a biye wa yaran da ke fasa cikin salansa wai don ƙara ta yi daɗi. Mai bugu biyu da ma ana jinsa tun daga nesa, ba ya bukatar a ƙara masa murya.

Saboda haka kafin a ƙirga ko naira ɗaya, a goge lambar inji da lambar jikin babur a karanta su harafi harafi, a gwada da abin da ke cikin rasit na asali. In wurin lambar ya yi santsi fiye da kewayensa, ko an ga alamar goga, ko haruffan ba su daidaita ba, a yi sallama a tafi, kome arahar. Rasit ɗin da ya ɓace, da labarin cewa na wani ƙane ne da ya tafi ci-rani, ba su isa hujja ba. A san mai sayarwa, a san garinsu da mai unguwarsu, in ya sayo ne wurin wani ya nuna takardar wancan cinikin. Kada a yi ciniki a gefen hanya, kada a yi da dare. A yi shi gaban shugaban dillalai ko mai unguwa, a rubuta takarda da sunan mai saye da mai sayarwa, da lambobin nan biyu, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Sa'an nan a je ofishin lasin a yi masa rajista da sunan sabon mai shi, a ɗaura lamba inda za a gan ta. Tun da ya ke kuma dokokin hawan babur a jihar su kan sake bisa ga halin da a ke ciki, a tambaya a ƙaramar hukuma wane lokaci aka yarda a hau, mutum nawa a ke goyawa, da yadda a ke sayen fetur. Takardun asali su zauna a gida cikin akwati. Kwafinsu kuwa a naɗe cikin leda, a cusa a ƙarƙashin kujera inda ruwan mashigi ba zai kai ba.